Inuwa Biyu a Shunin Idirisu

"To in ba rininka ba ne, mene ne? Aljanun Kano ne suka biyo ka har ƙetaren teku?"

Lantana ce ke magana, tana tsame ƙosai daga cikin manja ba ta ko dubi Idirisu ba. Shi kuwa yana tsugune gefen murhunta a bakin layin Barokinya cikin birnin Bahiya, ya ɗora hannuwansa a gwiwa, hannuwan da shuni ya zaunar wa har ƙarƙashin farce.

"Zafin wuta ne, 'yar Zazzau," ya ce. "Mutum ya wuni da kansa a kan tafasasshen mai, ya ce ba zai yi ƙuraje ba?"

"Tun ba ka iya cewa ina kwana da Fotugis ba nake suya a nan. Sai bana wuta ta san goshina?" Ta ajiye matsami, ta ture farin ƙyallen da ta ɗaura a ka. "Duba da kyau, Bakano, tunda an ce idonku ba ya kuskure haja."

Ya duba. Ƙurajen sun yi layi daga goshi, sun bi ta bayan kunnuwa sun haɗu a ƙeya, daidai inda kallabin turkuɗin da ya buga mata yake zama. Sama da layin fata lafiya lau, ƙasa da shi ma haka.

Lantana ta rage murya. "Kuma ba ni kaɗai ba ce. Akwai matan Nago, Yarbawan nan masu kifi, su ma haka. Sun fara cewa wani abu kake tofawa a cikin rini. Ni na san ba ka da wayon da za ka yi sammu, amma ka san garin nan. In aka ce tsoho mai salla yana sa wa mata abu a tufafi, ba wanda zai tsaya tambaya. Ba mai sake kawo maka ko tsumma."

Idirisu ya miƙe, ya kakkaɓe wandonsa. "Ba ni kallabin. Kafin azahar zan dawo miki da shaidar da za ta rufe bakin kowa, har da naki, in yana rufuwa."

"Ba a haifi mai rufe shi ba," ta ce, ta zaro kallabin daga ƙarƙashin tire ta miƙa masa.

Duk wanda ya san Barokinya a shekarun nan ya san Idirisu marini. A Kura aka haife shi, cikin gidan da kakan kaka ma marini ne, ya iya warin karofin da ya nuna tun kafin ya haddace Fatiha. Yana saurayi ya bi ayari da kayan turkuɗi zuwa ƙasar Nufe, yaƙi ya rutsa da su a hanya, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har bakin ruwa a Ikko. Jirgin da ya kawo shi Bahiya yana cikin na ƙarshe-ƙarshe kafin a daina jigilar bayi. Ya tarar da tsofaffin Hausawa kaɗan, waɗanda suka ga daren da bayi Musulmi suka yi bore a garin da idonsu. Su ne suka nuna masa gidan da abin ya fara a gangaren Ladera da Parasa, da haɓa suka nuna, ba da yatsa ba, suka koya masa cewa a garin nan ana salla ƙofa a rufe.

Ubangijinsa ya sa shi ɗaukar kujerar nan mai labule da ake hawa da masu hali daga ƙasan gari zuwa samansa. Ya yi shekaru yana yi, har kafaɗarsa ta dama ta yi kanta irin ta jaki. Wata rana sun kai wata mata gonar danginta a bayan gari, yana zaune bakin jeji yana jiran a fito, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro mai ƙananan ganye. Ya tsinka, ya murza, ya shinshina. Baba ne, tsiron da ake yin shuni da shi, ya fito da kansa ba mai kula da shi, awaki ma sun raina shi. Idirisu yakan ce tun da aka sauke shi daga jirgi bai yi kuka ba sai ran nan, kuma abokin ɗaukarsa ya zaci kunama ce ta harbe shi.

Daga nan ya fara. Yakan cika aljihu da ganye, ya daka, ya dunƙula, ya shanya a kan rufin kwano. Da shi da wasu 'yan dako suka yi adashi har kowa ya fanshi kansa. Da ya samu kansa ya kama ɗan tsakar gida a Barokinya, ya binne manyan gangunan itace har wuya su zama masa karofi, ya nemo gungumen icce mai tauri ya sassaƙa gudumar bugu da hannunsa.

Bugun nan ne ya yi masa suna. Masu rini suna da yawa a Bahiya, amma ba mai yin abin da ake yi a Kura: bayan an rina zane ya yi baƙi wuluk ya bushe, sai a barbaɗa masa garin shuni, a ɗan fesa ruwa, a ninke, a yi ta dukansa a kan gungume har ya ɗauki ƙyalli kamar bayan ƙwaro. Irin wannan zane ba a wanke shi. Yana zuba a fata, ya bar wa mace shuɗi a goshi da wuya, kuma wannan zubar ita ce adon. Da farko matan garin sun ɗauka aibi ne. Lantana ce ta fara ɗaura shi a bakin suyarta, tana gaya wa duk mai tambaya cewa a ƙasarsu matar da goshinta bai yi shuɗi ba ba ta ci ado ba. Ba a daɗe ba matan Nago suka ɗauka, har ya zama ba a zuwa biki sai da kallabin Idirisu.

Aiki ya yi yawa, ganyen jeji ya kasa. Shi ya sa a bara, da wani ɗan kasuwa a bakin tashar jiragen ruwa ya nuna masa buhun shuni dakakke, ya tsaya ya duba. Ya gwada shi yadda mahaifinsa ya koya masa: ya dangwala a bayan farce ya goga da ɗan yatsa. Shunin gaske in an goga shi yakan yi ƙyallin jan ƙarfe. Wannan ya yi, har ya fi nasa. Ya saya da murna, ya keɓe shi don bugu kaɗai, domin a ganinsa kayan kirki irin wannan bai kamata a narkar da shi a karofi ba.

Saboda haka da ya bar wurin Lantana ko gezau bai yi ba. Ya biya gida ya ɗebi garin shunin jirgi a ƙullin ganye, ya jefa dunƙulen nasa na jeji a aljihu, ya nufi kantin maganin Sinyo Belmiru.

Belmiru mai haɗa magunguna ne, siriri, mai tabarau, ɗan matar nan da Idirisu ya sha ɗauka a kujera. Tun yana yaro yakan bi kujerar da gudu yana roƙon a ɗora shi. A bayan kantinsa yana da wata na'ura da ya saya wajen wani likita mai komawa Turai, wadda masu shigo da giya ke kawo masa kayansu ya duba ko an ƙara musu launi. Idirisu ya taɓa jin labarinta, bai taɓa ganinta ba.

"Tiyu Idirisu! Yau kuma giya ka kawo a gwada?" in ji Belmiru da Fotugis, yana dariya. Haka yake kiransa, Tiyu, wato kawu.

"Allah ya tsare ni da kayanku, Sinyo Belmiru. An ce kana da ƙarfen da ke gane ƙarya a cikin launi. Na kawo masa gaskiya ya gani, ko sau ɗaya a rayuwarsa."

Ya ba shi labari a taƙaice. Belmiru ya daina dariya, ya juya kallabin a hannu, ya dubi shuɗin da ya bari a yatsunsa.

"Na'urar ba ta san sunan komai ba," ya ce. "Kwatantawa take yi. Kana da shunin da ka tabbata da shi, wanda ba hannun kowa a ciki sai naka?"

Idirisu ya fito da dunƙulen jeji ya ajiye a kan tebur. "Ni na tsinka, ni na daka."

Suka shiga ɗakin baya. Belmiru ya rufe tagogi ya bar wata 'yar tsaga, ya sa madubi ya karkato hasken hantsi zuwa bakin na'urar. Bututu ne na tagulla a kan ƙafa, a tsakiyarsu an girke gilashi mai kusurwa uku. Ya ce wa Idirisu ya sa ido ɗaya a ƙarshen bututun.

Idirisu ya sunkuya. Sai ga bakan gizo a kwance, miƙaƙƙe kamar ƙwaryar zane a kan masaƙa, ja a wannan gefe, sai ruwan lemo, rawaya, kore, shuɗi, har ya ƙare a wani launi mai duhu.

"Ikon Allah," ya ce da Hausa. Sannan da Fotugis: "Wa ya rina wannan?"

"Ba wanda ya rina. Hasken rana ne, gilashin ya tsefe shi. Duk launukan nan suna cikinsa dama."

Belmiru ya kankari dunƙulen jeji, ya narkar da shi a wani ruwan magani mai ƙarfin wari, ya zuba a 'yar kwalba mai faɗi, ya sa ta a gaban tsagar. Da Idirisu ya sake dubawa sai ya ga wata inuwa ta tsaya a kan bakan gizon, baƙa, daidai inda ja ke komawa ruwan lemo, kamar an gitta sanda.

"Wannan ita ce inuwar baba," in ji Belmiru. "Kowane abu mai launi yana da wurin da yake cin haske. Baba nan yake ci, ko daga Indiya ya zo ko daga jejin bayan gari."

Idirisu ya gyaɗa kai, ransa fari. "To sa na jirgi, ka ga wanda ya fi shi."

Aka sa. Ya duba. Inuwar baba tana nan a wurinta. Amma can cikin kore akwai wata, mai faɗi, wadda ɗazu babu ita.

Ya ɗago. "Kwalbarka ba ta wanku ba."

"Sabuwa ce, Tiyu."

"Ba ni nan."

Ya karɓa ya wanke da kansa, ya ɗauraye, ya goge da gefen rigarsa, ya tsaya a kan Belmiru har ya sake haɗawa. Inuwa biyu. Ya ce a kankaro daga kallabin Lantana a gwada. Inuwa biyu. Ya ce a mayar da na jeji. Ɗaya tilo.

Belmiru ya miƙa hannu. Ya ɗauko wata 'yar kwalba daga kan kanta, ya zazzage 'yan ƙwayoyi a tafin hannun Idirisu. Suna walƙiya, kore-kore da ruwan zinariya. Ya jefa ƙwaya ɗaya a ruwan magani, nan take ya koma ja jawur. Ya sa a gaban tsagar. Inuwa ɗaya ta fito a cikin kore, daidai wurin baƙuwar inuwar nan, ba ta matsa ko kaɗan ba.

"Jan rini ne na Turai," ya ce. "Daga kwaltar gawayin ƙasa ake yin sa. Shi nake kamawa a cikin giya. Wani ya ɗauki shuni mai rauni ya gauraya da wannan don ya yi ƙyalli ya ɗauki ido. Kuma mai arahar cikinsa da gubar ɓera ake dafa shi, ba ta fita duka. Hasken bai nuna mini gubar ba, sai na yi wani gwajin dabam kafin in rantse. Amma jan yana ciki, ka gani da idonka, kuma na sha ganin ƙuraje irin na Lantana a ƙafafun masu sa jar safa."

Idirisu ya goga sauran ƙwayoyin a bayan farcensa. Ƙyalli ya tashi, kyakkyawa, wanda da a Kura ne da an kira maƙwabta su gani. Ya daɗe yana kallonsa. Gwajin mahaifinsa bai yi ƙarya ba a zamaninsa, domin a lokacin ba abin da ke wannan ƙyalli sai baba. Ya tuna da ƙaiƙayin da ya dame shi a tsakanin yatsu tun damina, wanda ya ɗora laifinsa a kan tokar rini. Ya kuma gane cewa da a karofi ya zuba garin, da ruwan ɗauraya ya tafi da mafi yawansa. Shi ne da hannunsa ya zaɓe shi don bugu, ya daka shi cikin zanen da ba a wankewa, wanda aka yi shi don ya zauna a fatar mutum.

"To me ya sa kowanne yake cin wurinsa?" ya tambaya. "Me ya hana jan ya ci inda baba ke ci?"

Belmiru ya cire tabarau yana gogewa. "Ginin cikinsu ne ya bambanta. Ka ga zare ɗaya ne, amma saƙa dabam-dabam, kowace da yadda take kama hannu. Haka ƙananan abubuwan da suka haɗu suka yi baba, akwai yadda aka jera su, ido ba ya gani. Inuwar nan alamar jerin ce. Yanzu haka akwai masana a Jamus da suka duƙufa sai sun gano yadda aka jera na baba, don su haɗa shi a kwalba ba ganye."

"Su haɗa baba ba ganye?" Idirisu ya yi 'yar dariya, ta farko tun shigowarsa ɗakin. "In sun gama ka ce su zo Barokinya in koya musu bugu."

Belmiru ya buɗe taga. Sannan ya ce, "Tiyu, ka ji shawarata. Ka zubar da garin a teku, ka koma naka. Ƙurajen za su warke, maganar ta mutu da kanta. Ba sai ka gaya wa kowa ba. Ni ban ga komai ba."

"Kallaban fa? Suna kan mutane yanzu haka. Akwai wadda ke goya jariri da zanen da na buga."

"In ka faɗa da bakinka za su ce ka amsa laifi."

"Na amsa. Amma laifin da na yi zan amsa, ba wanda suka ƙaga mini ba." Ya ninke kallabin ya sa a hammata. "Ka haɗa mini man shafawa na ƙuraje, mai yawa. Kuma daga yau duk shunin da zan saya, sai ya fara biyowa ta gaban ƙarfen nan naka."

"Ƙofa a buɗe take."

Rana ta take tsaka lokacin da ya koma Barokinya. Layin ya cika, masu dako na cin ƙosai a tsaye, matan Nago masu kifi sun jera kwandunansu a inuwar bango. Da suka hango shi hira ta tsaya. Lantana ta ɗaga kai.

"Ga mai shaida ya dawo. To Bakano, bakin wa za a fara rufewa?"

Bai amsa mata da Hausa ba. Ya tsaya a tsakiyar layi ya ɗaga murya da harshen Nago, wanda kowa a wurin yake ji.

"Iyayena mata, ku saurara. Ƙurajen nan daga zanena ne. Ba tofi ba ne, ba sammu ba. Garin shunin da na saya a bakin ruwa an gauraya shi da jan rinin Turawa mai cin fata, na gwada shi da farce irin na gidanmu ya wuce ni. Yau na gan shi da idona a kantin Sinyo Belmiru, duk mai so ta je ta gani, zai nuna mata. Wadda duk na buga wa zane daga bara zuwa yau ta cire shi, kada ya ƙara kwana a jikinta. Zan wanke, in sake rinawa, in buga da shunin da na daka da hannuna. Ga magani kuma."

Wata doguwar mace mai kifi, wadda ƙurajen suka sauko mata har wuya, ta tofar da yawu gefe.

"Da can ina idonka yake, tsoho? Ka ɓata mini fuska sannan ka zo kana wa'azi?"

"Kin yi gaskiya," ya ce. Ya miƙa mata gwangwanin maganin. Ta fizge ba godiya, ta juya masa baya. Ya san wannan ba za ta sake taka tsakar gidansa ba, kuma ba ita kaɗai ba.

Amma ta kusa da ita, wata dattijuwa, ta kai hannu ta kwance kallabinta a gaban kowa, ta ninke ta ajiye masa a kan kwando. "Mai sammu ba ya tsayawa a kasuwa ya kira sunan kayansa," ta ce wa sauran. "Ina son nawa kafin bikin 'yar ƙanwata. Kuma ya yi ƙyalli, ka ji?"

"Ba zai kai wancan ƙyalli ba, Iya. Amma za ki kwana lafiya."

Wata ma ta kwance nata. Wata ta ce nata yana gida, ya biya ya karɓa.

Lantana ta bar shi ya gama tattarawa, sannan ta ce da Hausa, yadda shi kaɗai zai ji, "Yau na ga abin da ban taɓa gani ba. An sayar wa Bakano jabu, kuma ya faɗa da bakinsa. Da a ce akwai mai zuwa Zazzau da na ba shi saƙo."

"Ki shafa maganin safe da yamma, ki bar surutu ya huta."

"Nawa fa? Kada ka sa ni a ƙarshen layi don ina 'yar gida."

"Ke kika fara ɗaurawa, naki zan fara bugawa."

Ta naɗe masa ƙosai a ganyen ayaba ta tura masa. "Matar Zubairu kafinta da zanenka take goyon jaririnta. Suna can ƙasan gangare, gidan mai koren ƙofa. Ita za ka fara zuwa wa."

Ya ɗaure kallaban a ƙunshi ɗaya, ya saɓa a kafaɗarsa ta dama, ya gangara ta Ladera da Parasa yana cin ƙosan a hanya.